Dirzar agogon aljihu ba ta dawo da zanensa

Mutane da yawa sun ɗauka in zanen jikin tsohon agogon aljihu ya dushe wai datti ne ya rufe shi, sai a kama dirza da man goge ƙarfe. Wallahi ɓarna ce. Zanen nan fa sassaƙa shi aka yi a jikin ƙarfen murfin, wani da hannu da ɗan ƙarfe mai tsini, wani da inji, duk dirza kuma saman murfin take ci, layukan su yi ta rasa zurfi har su ɓace, in ma ruwan zinare ne a kan tagulla to tagullar ce za ta leƙo. Gyaran gaske sai gwani ya sake bin layukan ɗaya bayan ɗaya, shi ɗin ma masu tara tsofaffin agoguna da yawa ba sa so. Ƙyalle mai laushi ya isa share ƙura.