Tantance Mai Amfani da NFS a Cikin Kwantena

Tantance mai amfani da NFS (tsarin da ke ba kwamfuta damar amfani da fayilolin da ke ajiye a wata kwamfutar) a cikin kwantena aiki ne na gyara sashen kanel ɗin Linux (wato ginshiƙin tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) mai tabbatar da ko wane ne ke neman fayil ta hanyar sadarwa, domin ya dace da kwamfuta ɗaya mai ɗauke da kwantenoni da yawa (wato keɓaɓɓun wurare da manhajoji ke aiki a ciki kamar suna kan kwamfutarsu ta daban), kowacce a keɓe da 'yan uwanta.

Asali

Kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da NFS a 1984. Hanyar tantancewarsa ta farko, AUTH_SYS, amana ce zalla: kwamfutar mai nema ta aika lambar mai amfani tare da lambobin rukunansa, waɗanda ba sa wuce 16, uwar garke kuma, wato kwamfutar da ke ajiye da fayilolin, ta karɓa ba tare da bincike ba. Sai dai akan rage wa mai lamba 0 (wato mai cikakken iko a kwamfuta) ƙarfi, a mayar da shi 65534, lambar wanda ba kowa ba.

A 1997 aka wallafa ƙa'idar RPCSEC_GSS, wadda ta ba da damar amfani da Kerberos, tsarin tikiti da aka ƙirƙira a jami'ar MIT. Matakansa uku ne: krb5 don tantancewa kawai, krb5i don gano ko an taɓa saƙo a hanya, krb5p don rufa saƙon gaba ɗaya. Kanel ba ya nemo tikiti da kansa. Buƙata yake turawa ta wata kafa mai suna rpc_pipefs zuwa manhajar rpc.gssd, ita ce ke duba ajiyar tikitin mutum, galibi fayil irin /tmp/krb5cc_1000, ta dawo masa da mabuɗi. An gina wannan duka bisa zaton cewa kwamfuta ɗaya tana da rpc.gssd ɗaya da jerin lambobi ɗaya.

Inda matsalar take

Kwantena ta rushe wannan zato. Tun da aka kammala keɓe lambobin masu amfani a Linux 3.8 a 2013, mai lamba 1000 a cikin kwantena yana iya zama 101000 a wajenta. To wacce za a aika wa uwar garke, kuma rpc.gssd ɗin wa za a tambaya? Idan buƙatar ta faɗa hannun na babbar kwamfutar, zai nemi tikiti a inda babu shi, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ɗauko na wani. Haka mataimakan da kanel ke tayarwa da kansa, irin su nfsidmap mai fassara sunayen masu amfani zuwa lambobi, wanda ake tayarwa ta hanyar manhajar request-key, a wajen kwantena suke tashi, ba sa ganin saitinta.

Gyare-gyare

A wajajen 2012 Stanislav Kinsbursky na kamfanin Parallels ya yi aikin da ya ba kowace keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa rpc_pipefs nata, ta yadda kwantena za ta iya gudanar da rpc.gssd na kanta. Kusan a lokacin ne aka ƙara gssproxy, wata manhaja mai duba tikiti a madadin kanel, a ɓangaren uwar garke, saboda manyan tikitocin Active Directory, tsarin tantance masu amfani na Microsoft, sun fi ƙarfin tsohuwar hanyar duba tikiti. A wajajen 2019 an sa NFS ya riƙa fassara lambobi bisa ga wanda ya ɗaura fayilolin, wato ya haɗa su da kwamfutar, an kuma fara keɓe ma'ajin mabuɗai na kanel. Batun inda ya kamata mataimakan kanel su tashi ya daɗe ana taƙaddama a kansa.

Amfani a yau

Galibi babbar kwamfutar ce ke ɗaura NFS ta miƙa wa kwantena, kamar yadda Kubernetes, manhajar sarrafa kwantenoni, ke yi.