Waiwaye: Hanyar da CAR-T Ya Biyo Kafin Ya Iso Ga Masu Lupus

Ana ta muhawara kan maganin CAR-T ga masu cutar lupus. Wasu na cewa an samu waraka, wasu na fargabar tsadarsa da haɗarinsa, har mai saurare ya ɗauka jiya aka ƙirƙiro shi.

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, galibi mata. In ta sauka a ƙoda, fitsari ya riƙa kumfa, ƙafafu su kumbura, wasu har sai an kai ga wankin ƙoda. CAR-T kuwa ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, ake ɗiba daga jinin majiyyaci, a gyara su a ɗakin gwaji, a mayar masa su farauci ƙwayoyin B, wasu ƙwayoyin garkuwar da ke da hannu a ɓarnar lupus. Don sankarar jini aka fara shi, Amurka ta amince da na farko a 2017.

Ni dai inda na fi tsayawa shi ne 2012. A shekarar aka fitar da sakamakon gwajin LUNAR, wanda aka yi kan mutum 144 masu lupus ɗin ƙoda da rituximab, maganin da ke kashe ƙwayoyin B. Ƙwayoyin B sun ɓace daga jini, amma ƙodar ba ta samu sauƙin da aka sa rai ba. Da yawa suka karaya. Darasin kuwa yana nan a kwance: jini aka share, ƙwayoyin da suka laɓe a kaluluwa da cikin ƙodar kanta ba a kai gare su sosai ba. Ga shi rituximab wata alama a jikin ƙwayoyin B mai suna CD20 yake bi, wasu ƙwayoyin da ke kitsa ɓarnar kuma sun riga sun yar da ita, wata alamar, CD19, ce a jikinsu. Wannan CD19 ɗin ce CAR-T yake bi, kuma da yake rayayyun ƙwayoyi ne, suna kutsawa har maɓoyar.

A 2019 masu bincike a Memphis ta Amurka suka gwada CAR-T a ɓeraye masu lupus, suka ga sun ƙara tsawon rai. A 2021 likitocin Erlangen a Jamus suka ba wata budurwa mai shekara 20 maganin, cutar ta lafa, aka daina ba ta magunguna. Abin da ya fi taɓa ni, ƙwayoyin B sun dawo bayan 'yan watanni, sababbi fil, kuma a yawancin marasa lafiyar farko cutar ba ta biyo su ba.

Har yanzu galibi sai an yi wa majiyyaci maganin kemo, irin na masu sankara, kafin a mayar masa da ƙwayoyin, kuma waɗanda aka bibiya shekaru ba su da yawa.