Hasashen aikin ƙoda bayan tiyatar cire ɓangarenta

Hasashen aikin ƙoda lissafi ne da likitoci ke yi kafin su shiga tiyata, don su san yawan aikin tace jini da zai rage wa majiyyaci idan aka yanke wani ɓangare na ƙodarsa. Galibi ana wannan tiyata ne saboda ƙari, musamman wanda bai wuce santimita 4 ba, wani lokaci har zuwa 7. Ana cire ƙarin a bar sauran naman ƙodar mai lafiya.

Ma'aunin da ake dubawa shi ne GFR, wato yawan ruwan da ƙoda ke tacewa daga jini a minti ɗaya. Na mai lafiya yakan kai 90 ko fiye. Idan ya zauna ƙasa da 60 har wata 3, ana lissafa shi cikin ciwon ƙoda mai daɗewa. Ana ƙiyasta shi daga gwajin kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke fitarwa daga jini, amma gwajin yana da aibi, domin kiriyatinin daga tsoka yake fitowa. Ɗan dakon Kantin Kwari da tsohuwar da jinya ta ramar za su iya samun lamba ɗaya a takarda, alhali ƙodarsu ba ɗaya ba ce.

Abin da ya fi komai nauyi a hasashen shi ne halin ƙodar kafin aiki da yawan naman da aka bari. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, wanda aka yanke kuwa ba ya tsirowa. A mai ƙoda biyu, wadda aka yi wa aikin takan riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, su biyun a haɗe kuma kusan kashi 90. Ke nan mai GFR 80 zai sa ran 72 ko kusa da haka. Mai 50 kuwa zai sauko wajen 45, kuma a kansa ne lissafin ya fi amfani, tunda bai da rarar da zai yi asara.

An daɗe ana ɗora laifin raguwar aikin ƙodar a kan tsawon lokacin da ake matse jijiyar jininta yayin yanka. Yana da tasiri, shi ya sa ake ƙoƙarin kada ya wuce minti 25, ko a sanyaya ƙodar da ƙanƙara idan aikin zai ja. Sai dai matatun da suka ji yunwar jini sukan farfaɗo.

Don sanin wahalar yankan, ana duba hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka. Tsarin makin R.E.N.A.L., wanda likitoci Kutikov da Uzzo suka fitar a 2009, yana duba girman ƙarin, zurfinsa da wurin da ya zauna, ya ba da maki daga 4 zuwa 12.

A Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ke wankin ƙoda da dashenta, matsalar da ta fi yawa ita ce zuwa a makare, lokacin da ƙarin ya girma har sai an cire ƙodar gaba ɗaya. Hawan jini, ciwon suga da sikila suna rage abin da lissafin ya nuna. Haka ma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su diklofenak, da ƙishin zafin bazara. Ba a yanke hukunci da gwajin kwanakin farko bayan tiyata, ana jiran wasu watanni sai lambar GFR ta tsaya.