Ma'anar "tsuntsayen Darwin" da asalin sunan

Idan masana ilimin halittu suka ce "tsuntsayen Darwin", suna nufin wasu ƙananan tsuntsaye kusan iri 18, waɗanda galibinsu ke zaune a tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Kudancin Amurka. Kakansu ɗaya ne, amma bakinsu ya sha bamban: wani kakkaura ne na fasa tsaba mai tauri, wani siriri na tsintar ƙwari, har akwai wanda ke riƙe ƙaya da baki yana zaƙulo tsutsa daga ramin itace.

Mai jin sunan zai ɗauka Charles Darwin, masanin halittu ɗan Birtaniya, ya gane sirrinsu da ganin farko, alhali ba haka aka yi ba. Lokacin da jirgin ruwan Beagle ya kai shi tsibiran a shekarar 1835, ya tattara tsuntsayen ba tare da ya rubuta tsibirin da kowanne ya fito ba, domin ya zaci dangoginsu daban-daban ne. Sai a farkon 1837, a Landan, masanin tsuntsaye John Gould ya duba su ya tabbatar cewa 'yan gida ɗaya ne, abin da ya sa Darwin ya koma neman bayanan da abokan tafiyarsa suka ajiye kan tsibirin da kowane tsuntsu ya fito. A ganina, Gould ya cancanci yabo fiye da wanda ake ba shi. Sunan "tsuntsayen Darwin" kuwa bai fito ba sai 1936 ta hannun masanin tsuntsaye Percy Lowe, littafin wani masanin tsuntsaye David Lack na 1947 kuma ya yaɗa shi.

Hujja mafi ƙarfi da tsuntsayen suka ba nazariyyar juyin halitta, wato ra'ayin cewa halittu na sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, ta zo ne daga baya, bayan masana halittu Peter da Rosemary Grant sun fara auna bakinsu ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin tsibirin Daphne Major a 1973. A 1977 aka yi mummunan fari, ƙananan tsaba masu laushi suka ƙare, aka bar manya masu tauri, mafi yawan tsuntsayen wani iri suka mutu da yunwa. Waɗanda suka kai labari masu kaurin baki ne, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe kuma suka gaji wannan kauri, har ma'auni ya nuna bambancin a zuriyar da ta biyo baya. Wannan shi ne abin da Darwin ya kira zaɓin yanayi a littafinsa na 1859.