Waiwaye: Kwalbar giya da tukunyar VAT

Duk ranar da aka yaɗa hoton motar daɓe hanya tana markaɗe kwalaben giya a wata jihar Arewa, kafin la'asar tambayar nan ta cika Facebook: in giya haramun ce, don me ake karɓar kason VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, da aka tara daga cinikinta? 'Yan Kudu su ce fuska biyu ce. Mu ma a cikinmu akwai masu faɗi a ɓoye cewa an ƙi cin biri an ci dila. Galibin masu gardamar sun ɗauka a shekarar 2000 abin ya samo asali, lokacin da jihohi 12 suka dawo da Shari'a. Ya girmi haka nesa ba kusa ba.

Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka amince ba za a shigar da barasa yankunan Afirka da addini ya hana sha ba. Arewa ta faɗa cikin wannan rukuni. A Kudu kuwa harajin barasar da ake saukewa a bakin teku shi ne babban abin da ke cika baitulmali, da aka haɗe ƙasar a 1914 kuma wani ɓangarensa ya riƙa toshe giɓin kasafin Arewa. An hana a birni, an ɗaga ƙafa a Sabon Gari da barikoki. Kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code na 1960, ya zo ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha, ya bar wanda ba Musulmi ba.

Inda aka fi tsallakewa shi ne 1993. Kafin wannan shekara akwai harajin ciniki na dokar soja ta 1986, wanda kowace jiha ke karɓar nata a kan 'yan kayayyaki ƙalilan, giya da taba na ciki. Lissafin a fili yake: abin da aka sayar a ƙasarka shi za ka ci. Da a ce wannan tsari ya kai 2000, jihar da ta rufe mashaya ta rufe wa kanta wannan ƙofar kuɗi ke nan, ba wanda zai yi mata gori. Sai doka mai lamba 102 ta 1993 ta soke shi, ta kawo VAT na kashi 5 cikin ɗari daga Janairun 1994. Tarayya ce ke tarawa, a zuba a tukunya ɗaya, a raba a ƙarshen wata. Aka yi ta sauya ma'aunin rabon har ya tsaya a 1999: kashi 15 na tarayya, 50 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi.

Da zarar kuɗi ya shiga wannan tukunya, asalinsa ya ɓace. Nairar giya da ta siminti da ta katin waya duk sun zama miya ɗaya, babu ludayin da zai tsamo wannan ya bar wancan. Lokacin kuma mulkin soja ne, babu majalisar da ta zauna a kai, balle malamai su yi tambaya a kan halasci. A wajen masu tsarawa magana ce ta akanta. Shekara shida bayan haka jihohi suka yi dokar ɗa'a kowa a gidansa, alhali aljihun na tarayya ne. Tsarin mulkin 1999 ma bai ambaci VAT ba ko sau ɗaya.

Wannan tukunya ta haifi wata fuska biyun da masu gori ba su cika ambata ba. Kafin sabuwar dokar haraji ta 2025, kason da ake bai wa jiha bisa abin da ta samar, ana lissafa shi ne da inda kamfani ya biya, wato inda hedikwatarsa take. Mai shayi a Gusau ya sayi katin waya, a rubuta wa Legas. Gero da dawa da shanun da Arewa ke lodawa zuwa Kudu kuma ba su da VAT, domin an yafe wa abincin yau da kullum. Kowane ɓangare ya riƙe rabin maganar da ya yi masa daɗi.

Sauran labarin sananne ne. Harajin ya koma kashi 7.5 a 2020. A Agustan 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta ce Jihar Ribas na da ikon karɓar nata, gardama ta dawo sabuwa fil. Ƙudurorin haraji na ƙarshen 2024 suka nemi a ba da kashi 60 na rabon jihohi bisa inda aka samar da kuɗin, Arewa ta ce ba ta yarda ba. Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta tsaya a kashi 30, kuma bisa inda aka yi amfani da kaya. Ragowar 70 ana raba shi ne daidai wa daida da kuma yawan jama'a, daga tukunyar nan dai ta 1994.