Saita manhajojin ƙididdigar maziyarta shafin intanet

Manhajojin ƙididdigar maziyarta su ne kayan aikin da mai shafin intanet ke amfani da su don sanin yawan masu shigowa, ta inda suka biyo, da abin da suka yi kafin su fita. Saita su shi ne daidaita su da yanayin shafin, domin ko manhajar da ba a daidaita ba tana fitar da alƙaluma, sai dai ba na dogaro ba.

Tarihi

A farkon shekarun 1990 ana dogaro ne da rajistar da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ke ajiyewa, inda take rubuta kowace buƙata da ta iso mata. Shafi ɗaya mai hotuna goma yakan haifar da buƙatu goma sha ɗaya, kuma masu shafuka da dama sun riƙa ɗaukar wannan adadi a matsayin mutane. Manhajar Analog, wadda Stephen Turner ya rubuta a wajajen 1995, tana cikin na farko da suka mayar da rajistar rahoto mai karantuwa. Wajen ƙarshen shekarun aka fara komawa ga guntuwar lambar JavaScript, wato ɗan rubutun umarni ga kwamfuta da ake sakawa cikin shafi, wadda ke aika bayani daga burauzar maziyarci.

A 2005 Google ya sayi kamfanin Urchin na San Diego, kuma a Nuwamban shekarar ya fito da Google Analytics kyauta. Cunkoson masu rajista ya sa aka rufe ƙofa cikin 'yan kwanaki, ba a sake buɗe ta ga kowa ba sai Agusta 2006. Piwik, wadda mai shafi ke iya girkawa a sabarsa, ta bayyana a 2007, aka sauya mata suna zuwa Matomo a 2018. Google Analytics 4 ya fito a Oktoba 2020, tsohon tsarin Universal Analytics kuma ya daina karɓar bayanan shafukan da ke amfani da shi kyauta a ranar 1 ga Yuli, 2023.

Abubuwan da ake saitawa

Ana fara tabbatar da cewa lambar tana kowane shafi, kuma sau ɗaya tak, domin wanda ya saka ta da hannu sannan ya sake saka ta ta hanyar Google Tag Manager, manhajar saka irin waɗannan lambobi, zai ga kowace buɗewa ta ninku. Sai agogon rahoto da nau'in kuɗi, wato lokacin Legas da naira ga shafin da ke Najeriya. Ana kuma tace ziyarar ma'aikatan gida, a Google Analytics 4 kuma a tsawaita adana bayanai daga wata 2 zuwa wata 14. Ziyara tana ƙarewa bayan minti 30 ba motsi, kuma ba kasafai ake taɓa wannan ba. Gyara ba ya komawa baya: abin da aka ƙirga ba daidai ba haka zai zauna.

A Legas

'Yan kasuwar Hausawa na Agege, Idi-Araba da Mile 12 da ke da shafin sayar da shadda, turare ko kilishi suna fuskantar wasu kurakurai na musamman. Idan mai saye ya fita zuwa Paystack ko Flutterwave ya biya ya dawo, manhajar tana iya rubuta cewa kamfanin biyan kuɗin ne ya kawo cinikin, sai an saka adireshinsa cikin jerin waɗanda ba a ƙirgawa. Masu shigowa ta mahaɗin da aka tura a WhatsApp kuwa sukan bayyana kamar sun rubuta adireshin da kansu, maganinsa shi ne liƙa alamomin UTM, wato 'yan kalmomin da ke nuna inda maziyarci ya biyo, a wutsiyar mahaɗin. Tace ma'aikata ta adireshin IP, wato lambar da na'ura ke fita da ita a intanet, shi ma yana wahala ga shagon da ke aiki da datar waya, saboda adireshin yana sauyawa. Haka nan garin da rahoto ke nunawa kintace ne daga wannan adireshi, don haka mai saye daga Kano yana iya fitowa a matsayin ɗan Legas.

Doka

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi tattara bayanan maziyarta. A 2022 hukumomin Ostiriya da Faransa sun ce amfani da Google Analytics ya saɓa wa dokar Turai saboda tura bayanai Amurka. Yarjejeniyar Yuli 2023 tsakanin Tarayyar Turai da Amurka ta sassauta lamarin, kodayake masu rajin kare sirri suna ƙalubalantar ta.