Michfest: bikin waƙar mata zalla da ya shekara 40 a dajin Michigan

Wai wane biki ne wannan?

Bikin waƙa ne da aka riƙa yi kowace shekara a watan Ogusta a jihar Michigan ta Amurka, cikakken sunansa Michigan Womyn's Music Festival. An fara shi a 1976, Lisa Vogel ce ta jagoranci kafa shi tana 'yar shekara 19 kacal. Daga 1982 suka koma wani makeken fili cikin daji kusa da garin Hart, mata dubbai su kafa tantuna su kwana kusan sati guda.

Me ya sa sai mata kawai?

Toh a lokacin harkar waƙa hannun maza take, su ne furodusoshi su ne injiniyoyin sauti, mawaƙiya kuma in an san 'yar maɗigo ce kamfani da wuya ya ɗauke ta, rediyo ma haka. Shi ne suka ce bari su yi nasu. Kuma abin da ya fi burge ni kenan gaskiya, mata ne ke kafa dandamali, su ja wayar lantarki, su haɗa sifiku, su yi girki, su yi gadi, har wurin duba marasa lafiya nasu ne, kuma duk wadda ta shigo sai ta ɗauki nata aikin ko da wanke tukwane ne. Akwai masu fassara waƙa da yaren kurame a gefen dandamali, an kuma tanadi hanya domin masu keken guragu. Tracy Chapman ta yi wasa a can, Indigo Girls ma haka, da Sweet Honey in the Rock.

An taɓa samun rigima?

Sosai ma. Masu shirya bikin sun ce na waɗanda aka haifa mata ne. A 1991 aka fitar da wata da ta sauya jinsi zuwa mace, daga nan masu adawa suka riƙa kafa sansaninsu mai suna Camp Trans a bakin ƙofa. Rigimar ta raba kan jama'arsu sama da shekara 20, har wasu mawaƙa da ƙungiyoyi suka ƙaurace.

Yanzu ana yi?

A'a. Vogel ta sanar cewa na 2015 shi ne na ƙarshe, karo na 40. Daga baya wasu mata suka haɗa ƙungiya suka sayi filin domin a ci gaba da tarukan mata a wurin.